Seagate, WD ko Toshiba: wane had-dis zan saya, kuma me ya sa farashi yake bambanta haka?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo na biki da suna a nan Kano, laftof ɗina ta cika maƙil har sai na goge aikin wani kafin in zuba na wani. Ina so in sayi had-dis eksitanal 2TB. Na zaga Beirut Road da Farm Centre, shago uku farashi uku, wani ma kusan rabin kuɗin na farko ya ce in kawo kuma duk 2TB ne. Abokaina wasu sun ce kar in kuskura in sayi Seagate wai mutuwa yake, WD ne mai ƙarko, wani kuma ya ce Toshiba ya fi sauƙi kuma bai taɓa ba shi matsala ba. Don Allah wane kamfani ne ya fi aminci, kuma mai arahar nan akwai wani abu ne a ƙasa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa, ta farko wane kamfani za ka amince masa da aikin mutane, ta biyu kuma me ya sa abu ɗaya girma ɗaya yake da farashi har kala uku a gari ɗaya. Ni aikina gyaran kwamfuta ne da ƙoƙarin ciro bayanai daga had-dis ɗin da ya lalace, kuma ku masu hoton biki kuna cikin waɗanda suka fi zuwa min hankali a tashe, don haka maganar ta shafe ni sosai, na san halin da mutum yake shiga idan dangin amarya suna ta kira suna neman bidiyon kamu da dina alhali had-dis ya ƙi buɗewa.

A dunƙule, sunan da ke jikin kwali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya hana ka barci. Abin dubawa shi ne wannan ƙwaya ɗayar da za a miƙo maka, sabo ne ko ya sha aiki, wane samfuri ne, a hannun wa ka saye shi, sannan kwafi nawa za ka riƙa ajiyewa. Bari in warware maka dalili.

Kamfani uku ne kaɗai suka rage

Waɗanda suka daɗe a harkar kwamfuta za su tuna da Maxtor da IBM da Fujitsu da Hitachi da Samsung, dukkansu a da suna ƙera had-dis. Yanzu babu ko ɗayansu a harkar had-dis, an haɗiye su. Seagate ya sayi Maxtor a 2006, ya kuma sayi ɓangaren had-dis na Samsung a 2011. IBM ya sayar wa Hitachi nasa a 2003 aka sa masa suna HGST, shi kuma WD ya saye shi a 2012. Toshiba ya karɓi na Fujitsu a 2009. Kenan yau duk duniya Seagate ne da WD da Toshiba, shikenan. Idan ka ga eksitanal an rubuta Transcend ko ADATA ko Verbatim a jiki, kwanson ne nasu da robar da suka naɗe shi da ita, in ka ɓalle shi ɗaya daga cikin ukun nan za ka tarar a ciki. LaCie ma da masu bidiyo suke so mallakar Seagate ne. Ka ga mutum zai iya guje wa suna a kwali kuma ya zo gida da shi a ciki bai sani ba.

Maganar abokanka a kan Seagate ba daga sama ta faɗo ba, tana da asali. A 2009 an samu matsala a manhajar cikin wani samfurinsu mai suna Barracuda 7200.11, had-dis lafiyarsa ƙalau sai kawai wata rana kwamfuta ta daina ganinsa. Sai kuma babbar, wani samfuri mai 3TB lambarsa ST3000DM001. Akwai wani kamfanin ajiyar bayanai a Amurka sunansa Backblaze, su had-dis dubbai suke saye suna aiki da su dare da rana, kuma tun 2013 suke rubuta wanne ya mutu yaushe ya mutu suna fitar wa jama'a kyauta. Sun zuba wannan samfurin wajen guda 4,800 a 2012, zuwa farkon 2015 kusan kashi 30 cikin 100 sun mutu, har a 2016 masu saye suka kai Seagate kotu a Amurka a kansa. Daga nan sunan ya ɓaci, kuma ka san halin kasuwa, in suna ya ɓaci sai a yi shekara goma ana yawo da labarin ko da kayan da ya jawo abin an daina yinsa tuni.

To amma ɗauki kowanne cikinsu za ka samu nasa tabon. A 2020 an gano WD yana sayar da WD Red masu 2TB zuwa 6TB da wata fasahar rubutu mai jinkiri da ake kira SMR ba tare da ya faɗa wa masu saye ba, aka yi ta hayaniya da ƙararraki har ya raba layin gida biyu ya fito da Red Plus. A 2023 kuma SSD ɗin SanDisk Extreme (SSD ma'ajiya ce irin ta filash, babu faifai mai juyawa a cikinta), lokacin yana ƙarƙashin WD, ya riƙa ɓatar wa masu hoto aikinsu haka kawai. Wanda ya fi nuna abin da nake nufi shi ne Deskstar na IBM, a wajen 2001 samfurin 75GXP ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa, amma wannan gidan dai shi ne ya koma HGST, kuma shekaru bayan nan had-dis ɗin HGST suna cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin mutuwa a lissafin Backblaze. Shi ya sa mu a wajen aiki lambar samfuri muke tambaya kafin sunan kamfani.

A lissafinsu na shekarun baya-bayan nan, da had-dis sama da 250,000, abin da ke mutuwa a shekara yana yawo ne tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 in an haɗa duka, kuma a cikin kamfani ɗaya za ka ga samfurin da kusan ba ya mutuwa a gefen wanda yake zubewa. Ba zan ɓoye maka ba, in an tara jimilla na Seagate sukan ɗan fi yawan mutuwa a wajensu, amma kuma sukan fi araha shi ya sa ba su daina saye ba. Sai dai wannan lissafin bai yi magana a kanka kai tsaye ba fa. Nasu manya ne masu inci 3.5, irin su 8TB da 12TB da 16TB, an ɗaure su a ɗaki mai sanyi ba sa motsi ko kaɗan. Naka ƙarami ne mai inci 2.5 da zai shiga jaka tare da batir da caja, ya hau a-daidaita-sahu ya sha gargada, ya je wajen biki cikin zafin watan Afrilu. Ni ma abin da nake gani a teburina ba ma'auni ba ne, don marasa lafiya kaɗai ake kawo min, kuma wanda aka fi saye a kasuwa dole shi zai fi yawa a wajen mai gyara. Abokinka da Toshiba bai taɓa ba shi matsala ba gaskiyarsa ya faɗa, wanda Seagate ya mutu masa shi ma gaskiyarsa, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma mutum ɗaya mai had-dis biyu ko uku ba zai iya yanke wa kamfani hukunci ba.

Abin da ke kashe ƙananan eksitanal a nan wajenmu yawanci ba ruwansa da suna. A cikinsa faifai ne yake juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa ba ta taɓa shi, tazarar da ke tsakaninsu ido ba zai taɓa ganinta ba. In ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, ko yaro ya fizgi wayar, allurar ta goga faifan, to an kankare inda hoton yake kenan. Sai wayar da ta saki tana yankewa tana dawowa ana tsakiyar kwafi, sai zare shi ba tare da an ce wa Windows ya sake shi ba, sai mantawa da shi a mota cikin rana.

Akwai bambanci ɗaya na gaske tsakanin ƙananan wanda mai shago ba zai faɗa maka ba, don sau da yawa shi ma bai taɓa buɗe cikinsu ba. Ƙananan WD Elements da My Passport bakin USB ɗinsu a manne yake da allon had-dis ɗin kansa. In bakin nan ya karye, kuma shi ne ya fi komai saurin karyewa, ba za ka iya zaro had-dis ɗin ka sa shi a wani kwanso ba sai an yi aikin dalma mai wahala. My Passport kuma allonsa yana kulle bayanan da kansa ko ba ka sa masa lambar sirri ba, wannan yana ƙara wa mai ceto aiki ranar da allon ya ƙone. Toshiba Canvio na yanzu da yawansu su ma bakin a manne yake. Seagate Expansion da One Touch kuwa yawanci had-dis ɗin laftof ne mai bakin SATA (bakin da aka saba jona had-dis da shi a cikin kwamfuta) a ciki da ɗan ƙaramin allo a gabansa, in baki ya lalace kwanso kawai za a canza. A wannan gaɓar ni Seagate ya fi min sauƙin sha'ani, duk da abin da ake faɗa a kansa.

Me ya kawo farashi uku

Had-dis duk daga waje yake zuwa kuma da dala ake sayo shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a 2024, don haka mai tsohon kaya da mai sabon kaya bakinsu ba zai zo ɗaya ba, ga kuɗin hayar shago, wani daga Computer Village na Legas yake sarowa wani daga Dubai ko Chana kai tsaye. Kasuwar duniya ma tana motsi, a ƙarshen 2011 da ambaliya ta mamaye masana'antun WD a Tailan farashi kusan ninkawa ya yi, a 2021 ma masu haƙar kuɗin intanet na Chia suka yi ta kwashe manyan had-dis har suka yi tsada. Shi ya sa ba zan ce maka ga kuɗin 2TB ba, wanda na faɗa yau sati mai zuwa ya canza. Amma duk waɗannan dalilan, bambancin da suke kawowa tsakanin shago da shago a rana ɗaya ɗan kaɗan ne. Ribar sabon had-dis ba ta da yawa, babu ɗan kasuwar da zai sauke maka rabin kuɗi a kan sabo orijina kuma ya fita. In ka ji rabi to ba kaya ɗaya ake maka magana a kai ba.

Abin da ake ce wa sabo a kasuwarmu kala-kala ne. Akwai sabo na gaske a kwalinsa da hatimi, wanda in ka sa siriyal lambarsa a shafin garanti na kamfanin za ka ga ranar da garantin zai ƙare. Akwai wanda kamfani ya karɓa ya gyara ya sake fitarwa, za ka ga an rubuta Recertified a takardar jikinsa, wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka kuma an rage kuɗi. Akwai kuma wanda ya fi yawa a cikin masu araha, tsohon had-dis da aka ciro daga laftof tokunbo, aka saya masa sabon kwanso mai tambarin WD ko Seagate da kwali mai sheƙi aka naɗe da leda, daga waje ba ka da yadda za ka gane shi. Na ƙarshe kuma jabu ne tsantsa.

Wani ɗan'uwanka a sana'a ya taɓa kawo min irinsa. 2TB a rubuce, kwamfuta ma 2TB take nunawa, ya yi ta zuba bukukuwan mutane yana ganin sunayen fayil a jere lafiya lau, ranar da ya zauna editin sai bidiyoyin farko suka ƙi buɗewa. Da na jona shi na ɗora a tafin hannuna babu wannan 'yar karkarwar da ɗumin da faifai mai juyawa yake yi, shiru kake ji. Na ɓalle kwanson, abin da ke ciki ƙaramin filash ne an liƙe shi da gam a kusurwa, sai noti biyu na ƙarfe su ma an liƙe don ya yi nauyi a hannu. An yi wa filash ɗin dabara ne yana faɗa wa kwamfuta ƙarya a kan girmansa, in ya cika sai ya koma yana rubutu a kan na farko. Babu abin da za a ceto a irin wannan don an riga an taka bayanan. Wallahi na tausaya masa, gida-gida ya bi yana ba mutane haƙuri, wasu ya mayar musu da kuɗi, kuma biki dai ba a maimaita shi.

In ka tabbatar duk orijina kake kwatantawa, to raba kuɗin da yawan tera, wato TB. A ce, misali kawai nake ba ka, 1TB naira 60,000, 2TB 90,000, 4TB 150,000. Tera ɗaya ta tashi 60,000 a na farko, 45,000 a na biyu, 37,500 a na uku. Yawanci haka abin yake tafiya, 1TB shi ne mafi tsada in an yi wannan lissafin. Sannan ka sa garanti a cikin farashin, wanda aka ce maka wata shida da wanda aka ce in ka fita daga shago shikenan ba kuɗinsu ɗaya ba ko da kayan iri ɗaya ne. Garantin kamfani na shekara biyu ko uku da ke jikin kwali karɓarsa daga nan akwai wahala, wasu ma an yi su ne don kasuwar wata ƙasa, don haka a aikace garantin mai shagon ne naka. Shi ya sa shagon da ya daɗe a wuri ɗaya kuma yake rubuta siriyal lamba a rasit ya cancanci ɗan ƙarin da yake ɗorawa. Ka kuma tuna garanti had-dis yake mayar maka ba hotunan ciki ba.

Tokunbo shi ma ba haramun ba ne, ina sa wa mutane shi don finafinai da gem da abubuwan da in sun ɓata za a sake saukewa. Matsalar ita ce a sayar maka da shi da sunan sabo, ko ka ɗora masa aikin da babu kwafinsa a ko'ina.

Ka tafi kasuwa da laftof ɗinka

Akwai wata manhaja kyauta sunanta CrystalDiskInfo, ka sauke ta kafin ka fita. Kowane had-dis yana rubuta tarihin lafiyarsa a cikinsa, shi ake kira SMART, ita kuma karanto shi take. Ka ce wa mai shago za ka biya amma a gabansa za ka jona, mai gaskiya ba zai ƙi ba, wanda ya fara kame-kame ka yi masa sallama.

Fara da sunan samfurin da zai fito a sama. Na Seagate da ST yake farawa, na WD da WDC ko WD, na Toshiba ƙanana za ka ga MQ. In kwanso ya ce WD manhaja ta nuna ST ko Hitachi, to haɗi ne. In ba ta ga komai ba kwata-kwata, ka yi zargin filash ne a ciki. Sai awannin da ya yi a kunne, sabo bai kamata ya wuce 'yan awanni ba. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, kenan in ka ga 30,000 wannan ya yi sama da shekara uku yana juyawa ba hutu. Sai layi uku a ƙasa, 05 da C5 da C6, su ne ke ƙirga gurbin da ya lalace aka sauya shi da wanda yake jiran a sauya da wanda ya ƙi karantuwa. Lambar can ƙarshen layin ta zama sifili a duka ukun. In manhajar ta nuna ruwan ɗorawa, wato gargaɗi, ajiye shi ko nawa aka rage maka. A 2007 Google sun fitar da binciken da suka yi a kan had-dis ɗinsu sama da 100,000, suka ga wanda ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Amma a binciken dai sun ga sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu babu wani gargaɗi da suka bayar, don haka shuɗi a manhaja, wato alamar lafiya, ba alƙawari ba ne.

Kuma ana goge wannan tarihin fa, kamar yadda ake mayar da mitar mota baya kafin a kai ta wajen dillalai. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar da manyan had-dis ɗin Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki a matsayin sababbi, har a manyan shaguna, an mayar da awanninsu sifili, sai da aka duba wani tarihi na biyu mai suna FARM da masu gogewar ba su taɓa ba sannan asiri ya tonu. In an yi haka a Jamus to mu ma sai mu buɗe ido. Shi ya sa siriyal lamba take da muhimmanci, wadda ke kwali da wadda ke jikin kwanso su zo ɗaya, kuma shafin kamfanin ya san da ita. In had-dis na ciki kake saye tsirara, duba shekarar da ke takardar jikinsa, duba ramukan sukurori ko akwai alamar an taɓa ɗaurewa, duba haƙoran bakinsa masu ruwan zinare ko sun goge.

In ka kai gida kar ka zuba aiki tukuna. Akwai wata 'yar manhaja H2testw, tana cika had-dis ɗin da bayanai sannan ta karanto su, ita ce ke kama mai ƙaryar girma kuma tana tono gurbin da ya lalace. A 2TB za ta iya cinye yini guda ko ma fiye, ka bar ta ta gama, sannan ka sake duba 05 da C5 da C6. Had-dis mai aibi daga masana'anta yawanci da wuri yake nunawa, gara ya nuna rasit yana hannunka. Kar kuma ka tsorata in Windows ya nuna maka 1.81TB maimakon 2TB, ko 931GB maimakon 1TB, ba cuta ba ce, kamfani da 1,000 yake lissafi Windows kuma da 1,024.

Abin da zan yi da kuɗin in ni ne kai

Kusan duk ƙananan eksitanal masu 2TB zuwa sama a yanzu SMR ne, ko na wane kamfani. Layukan rubutun suna ɗan hawa kan juna don a samu wuri, in za a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi. Shi ya sa za ka fara kwafin babban folda yana gudu sai can ka ga ya koma rarrafe, ba lalacewa ya yi ba. Don ajiya babu laifi, amma kar ka riƙa editin kai tsaye a kansa, zai ɓata maka rai kuma zai gaji da wuri. Wurin editin SSD ne. Had-dis ɗin laftof yana yin wajen 100MB a daƙiƙa, SSD mai bakin SATA yana haura 500MB, kuma ba shi da faifai balle faɗuwa ta kankare shi. In laftof ɗinka har yanzu had-dis ne a ciki, canza shi zuwa SSD zai fi maka duk wani abu da za ka saya mata. Sai dai SSD ya fi tsada a tera, in ya mutu sau da yawa ba ya gargaɗi, ceto daga cikinsa ya fi wuya, kuma ba a so a jefa shi durowa shekaru babu wuta musamman a wuri mai zafi.

Ni da kuɗin 4TB ɗaya gara in sayi 2TB biyu, kuma daga kamfani biyu daban, a ce Seagate ɗaya Toshiba ko WD ɗaya, don in akwai aibi a zubin wani samfuri kar ya haɗa da duka biyun. Ɗaya yana bin ka aiki, ɗaya yana gida ba ya fita, duk bikin da ka dawo kafin ka kwanta ka zuba a duka biyun, kuma kar ka goge memorin kyamara sai ka buɗe bidiyo ko biyu daga kowanne ka ga suna tafiya. Masu harkar suna da ƙa'idar 3-2-1, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na san data tana da tsada ba kowane bidiyo za a ɗora a intanet ba, amma hotunan da ka gama gyarawa ko su kaɗai ka ɗora a Google Drive. In kuɗin bai kai biyu ba yanzu, sayi ɗaya sabo orijina, ka bar kwafin aikin da ba ka miƙa ba a laftof har ka samu na biyu. Mai rabin kuɗin nan kuwa sai ya ci duk gwajin da na lissafa, sannan ma matsayin kwafi na uku zan ba shi.

In wata rana ka haɗa babbar kwamfuta a sitidiyo, a nan ne launi yake da ma'ana. WD Blue da Seagate BarraCuda na aikin gida ne garanti shekara 2, Red Plus da IronWolf an yi su don su kwana a kunne garanti shekara 3, Purple da SkyHawk na kyamarar tsaro ne, Gold da Exos na manyan ma'aikatu garanti shekara 5. Su manyan nan wutar NEPA suke sha kai tsaye, ɗaukewar wuta ana cikin rubutu da canjin janareta suna ɓata su, don haka UPS yana cikin kuɗin had-dis ɗin. Ƙaramin eksitanal da ke jikin laftof batir yana kare shi daga wannan. In Windows kaɗai kake amfani da shi ka bar eksitanal ɗin a tsarin fomatin NTFS, ya fi tsarin exFAT jure yankewar bazata.

Duk wanda ka saya, ka ajiye wayarsa ta asali, ka samo masa 'yar jaka mai soso, in manhaja ta nuna zafinsa ya haura digiri 50 ka bar shi ya huta. Ranar da ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas ko yana tashi yana tsayawa, zare shi nan take. Kar ka yi ta jonawa kana gwadawa, kowane juyi ƙara kankare faifan yake. In Windows ya ce ka yi fomatin ka ce a'a, kar ka sa shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa, kar ka bari wani ya kwance murfinsa a kan kanta cikin ƙura. Ka kai shi wajen wanda zai fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani had-dis kafin ya taɓa komai, kuma ka tambaye shi hakan zai yi kafin ka miƙa masa.